IL-17A: Furotin da ke hura wutar cutar soriyasis da antibodin da masana ke bin sawunsa da shi

A watan Mayun 2014, Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba WHA67.9, wanda ya amince cewa soriyasis cuta ce mai tsanani, mai daɗewa a jiki, wadda ba a ɗaukarta daga wani. Shekara biyu bayan haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto inda ta ce aƙalla mutum miliyan 100 ne ke ɗauke da cutar a faɗin duniya. Mafi yawan abin da likitoci suka sani a yau game da musabbabinta, da kuma magungunan da suka fi tasiri a kanta, sun samo asali ne daga wani ɗan ruwa da bai cika cokalin shayi ba, wanda ake ajiyewa cikin firiji a ɗakunan gwaje-gwaje. Sunansa antibodi. Da shi aka gano inda wani furotin mai suna IL-17A yake ɓuya a cikin fata, da shi aka auna yawansa, kuma daga irinsa aka ƙera maganin da ke toshe shi. Sai dai wannan kayan aiki yana iya yaudarar mai amfani da shi, kuma ya sha yin hakan.

Mece ce cutar soriyasis?

A jikin mai lafiya, ƙwayoyin fata suna tasowa daga can ƙasa, su hauro sannu a hankali, su mutu su kakkaɓe cikin kimanin wata guda. A wurin da soriyasis ta kama, wannan tafiya tana ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Ƙwayoyin ba sa samun damar nuna, sai su taru su yi tudu mai kauri, da ɓawo mai launin azurfa a samansa. An fi ganinsa a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, fatar kai da ƙasan baya. Yana ƙaiƙayi, yana tsagewa, wani lokaci har da jini. Farce ma yakan lalace. Kusan mutum uku cikin goma na masu cutar sukan gamu da ciwon gaɓoɓi mai alaƙa da ita.

A farar fata, wurin yakan yi ja. A baƙar fata kuwa, yakan yi duhu, ko ruwan toka, ko ya karkata zuwa shunayya, kuma yakan bar tabo bayan ya lafa. Da yake yawancin hotunan littattafan koyon likitanci na farar fata ne, ana yawan rikita ta da makero, ko amosanin kai, ko wasu cututtukan fata. Binciken asibitoci ya nuna ba a cika ganinta a Afirka ta Yamma ba kamar yadda ake ganinta a Gabashin Afirka ko Arewacin Turai, amma tana nan, kuma takan tsananta a jikin mai ɗauke da ƙwayar HIV wanda ba ya kan magani.

Shekaru aru-aru mutanen Turai suna haɗa ta da kuturta, suna ƙyamar masu ita. Sai a 1841 likitan fata na birnin Biyenna, Ferdinand von Hebra, ya raba tsakanin cututtukan biyu rabuwa ta ƙarshe. Ƙyamar dai ba ta bi littafin likita ta tafi ba. Har yanzu akwai masu rasa aiki ko aure saboda mutane suna zaton ana ɗauka ta hanyar musabaha. Wannan ne ya sa ake ware ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara domin wayar da kai a kanta.

Saƙon da ya ƙi yankewa

An daɗe ana ɗaukar soriyasis a matsayin lalurar fata zalla. Daga baya aka lura cewa magungunan da ke danne garkuwar jiki, irin su saikulosforin da ake bai wa waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, suna kwantar da ita. Daga nan hankalin masana ya koma kan fararen ƙwayoyin jini da kuma saƙonnin da suke aika wa juna. Waɗannan saƙonni ƙananan furotin ne da ake kira sitokin, kuma IL-17A ɗaya ne daga cikinsu.

An fara gano shi a 1993 a ƙwayoyin garkuwa na jinsin ɓera, aka sa masa suna CTLA-8. A 1995 aka sake masa suna zuwa IL-17. Daga baya ta bayyana cewa dangi ne mai 'ya'ya shida, daga IL-17A zuwa IL-17F. A jikin ɗan Adam, umarnin ƙera IL-17A yana rubuce a kan kuromosom na 6, kuma furotin ɗin yana aiki ne a tagwaye, guda biyu manne da juna. A 2005 wasu rukunonin masana biyu a Amurka suka nuna cewa akwai wani reshe na musamman na ƙwayoyin T da ke ƙera shi, aka sa musu suna Th17. Wani sitokin mai suna IL-23, wanda aka gano a 2000, shi ne ke raya su yana ƙarfafa su.

IL-17A ba abokin gaba ba ne a asalinsa. Aikinsa shi ne tsaron fata da baki da hanji daga ƙwayoyin cuta, musamman wani nau'in naman gwari da ake kira kandida. A 2011 masana suka bayyana wasu iyalai da aka haifa da naƙasu a wannan hanyar saƙo, waɗanda kandida ke addabar bakinsu da fatarsu da farcensu ba ƙaƙƙautawa. A soriyasis, akasin haka ne ke faruwa. IL-17A yana sauka a kan ƙwayoyin fata, ya umarce su da su fitar da sinadaran kiran taimako. Waɗannan sinadarai su jawo ƙarin fararen ƙwayoyin jini, su kuma su fitar da ƙarin IL-17A. Gangar yaƙi ce da ake ta kaɗawa alhali babu maharin da ya shigo gari.

Mene ne antibodi?

Antibodi furotin ne da ƙwayoyin B na jiki ke ƙerawa. Siffarsa kamar reshe mai baki biyu, irin ƙotar gwafa. A ƙarshen kowane baki akwai wani gurbi da ya dace da siffar abu guda, kamar yadda mabuɗi ke dacewa da kwaɗonsa. Idan ya gamu da abin, sai ya kama shi ya riƙe. Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo ne suka fara nuna alamarsa a 1890, lokacin da suka gano cewa ruwan jinin dabbar da ta gamu da dafin cutar tetanus yana iya kare wata dabbar.

Mutane da yawa suna amfani da shi ba tare da sun san sunansa ba. Layin da ke fitowa a kan tsinken gwajin maleriya aikin antibodi ne, haka ma na gwajin juna biyu. Maganin saran kububuwa da ake amfani da shi a asibitin Kaltungo na Jihar Gombe antibodi ne da aka tace daga jinin tumaki ko dawakai da aka yi wa allurar dafin a hankali.

Na ɗakin bincike iri uku ne. Na farko shi ne gauraye: a yi wa zomo ko akuya allurar furotin IL-17A na ɗan Adam, a jira makonni, a ɗebi jininta a tace. Abin da za a samu tarin antibodi ne daban-daban, kowanne yana kama wani ɓangare na furotin ɗin. Yana da sauƙin haɗawa, yana da ƙarfin gani, amma idan wannan jinin ya ƙare, na wata akuyar ba zai zama daidai da shi ba.

Na biyu shi ne mai tushe ɗaya. A 1975, a birnin Kambirij na Ingila, Georges Köhler ɗan Jamus da César Milstein haifaffen Ajantina suka haɗa ƙwayar B daga saifar ɓera da ƙwayar sankara wadda ba ta daina rabuwa. Sakamakon shi ne ƙwaya mai rayuwa ba iyaka, wadda ke zuba antibodi iri ɗaya tak. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 1984 tare da Niels Jerne. Ba a yi wa fasahar rajistar mallaka a Birtaniya ba, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce a siyasar ƙasar daga baya, ganin irin dukiyar da ta haifar.

Na uku shi ne na zamani: a karanta jerin umarnin halittar antibodin, a adana shi a rubuce, a riƙa sa wasu ƙwayoyi su ƙera shi a duk lokacin da ake buƙata. Wannan ba ya canzawa daga shekara zuwa shekara, domin girkinsa a rubuce yake.

Yadda ake aiki da shi

Furotin ya yi ƙanƙanta da a gan shi da madubin ƙara girma na yau da kullum. Dabarar ita ce a liƙa wa antibodin wata alama, rini ko sinadari mai ƙyalli, ta yadda duk inda ya kama, wurin zai nuna kansa.

Idan tambayar ita ce ina furotin ɗin yake, sai a yanki ɗan tsokar fata daga majiyyaci, a sassare shi siriri fiye da gashi, a shimfiɗa a kan gilashi, a zuba antibodin, a wanke. Ƙwayoyin da ke ɗauke da IL-17A za su rine. Albert Coons na Jami'ar Harvard ne ya fara amfani da antibodi mai ƙyalli ta wannan hanya a 1941.

Idan tambayar ita ce nawa ne yawansa, sai a yi gwajin ELISA, wanda Eva Engvall da Peter Perlmann suka ƙirƙiro a Suwidin a 1971. Antibodi ɗaya ya kamo furotin ɗin daga ruwan jini, na biyu ya sa ruwan ya canza launi, na'ura ta auna kaurin launin.

Idan ana son tabbatar da nauyinsa, sai a narkar da ƙwayoyin, a sa lantarki ya jera furotin ɗinsu gwargwadon girma, a kwafe su a kan wata takarda ta musamman, a zuba antibodin. Na kirki zai nuna layi a daidai inda IL-17A ya kamata ya tsaya. Idan layuka suka fito barkatai, akwai magana.

Akwai kuma na'urar da ke tura ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, tana ƙirga waɗanda suka yi ƙyalli. Da ita ake sanin yawan ƙwayoyin Th17 a jinin mutum. Hanya ta ƙarshe ita ce toshewa: a zuba antibodin da ke rufe bakin IL-17A, a ga ko kumburin zai lafa. Daga wannan hanyar ce magani ya fito.

Daga kwalbar gwaji zuwa allurar majiyyaci

A 2014 mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu a kan wani antibodi mai suna secukinumab na kamfanin Novartis. Bayan mako 12, kimanin mutum takwas cikin goma na waɗanda aka bai wa miligiram 300 sun samu raguwar cutar da aƙalla kashi 75 cikin 100. A cikin waɗanda aka yi wa allurar da babu magani, ba su kai biyar cikin ɗari ba. Japan ta amince da shi a Disamban 2014, Amurka ta biyo baya a Janairun 2015. Ixekizumab na kamfanin Eli Lilly ya fito a 2016, sai brodalumab, wanda ke toshe ƙofar da saƙon ke shiga, ya samu amincewa a Amurka a 2017.

Magungunan ba sa warkar da cutar, danne ta suke yi, kuma takan dawo idan an daina. Suna kuma da nasu haɗarin. Masu amfani da su sukan yi fama da kandida, kamar yadda aka yi tsammani. Da aka gwada secukinumab a kan masu cutar kumburin hanji ta Crohn, sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna bai taimaka ba, wasu ma ciwonsu ya ƙaru. Furotin ɗin da ke ɓarna a fata, kariya yake yi a hanji.

Wajibi ne a bambance tsakanin abu biyu. Antibodin magani yana bin matakan gwaji na shekaru da sa-idon hukumomi kafin ya shiga jikin mutum. Na ɗakin bincike kuwa, a jikin kwalbarsa akan rubuta cewa don bincike ne kawai, kuma ba a yi wa mutum allurarsa. Babu wata hukuma da ke tilasta a tabbatar yana kama abin da aka ce yana kamawa kafin a kai shi kasuwa.

Lokacin da mabuɗi ya buɗe ƙofar maƙwabci

A 2011 masana a Jami'ar Michigan suka ba da rahoton cewa, a fatar masu soriyasis, yawancin ƙwayoyin da suka rine da antibodin IL-17 ba ƙwayoyin T ba ne. Wasu iri biyu ne na ƙwayoyin garkuwa, nutirofil da ƙwayoyin mast. Rahoton ya ja hankali, domin ya taɓa tambayar wace ƙwaya ce tushen cutar.

A 2014 wani rukuni a Liverpool ya gwada wani gaurayen antibodi na akuya da aka saba amfani da shi a irin wannan aiki. Nutirofil sun rine, amma da aka bi ta wasu hanyoyin awo, ba a samu shaidar cewa suna ƙera IL-17A ba. Abin da aka gano shi ne antibodin yana kama wasu furotin dabam da ke cike a cikin nutirofil. A 2018 masana a Berona ta Italiya suka sake bin diddigi, su ma suka kasa samun nutirofil na ɗan Adam yana ƙera shi. Dangane da ƙwayoyin mast, wani bincike na Holan a 2016 ya nuna cewa suna haɗiyar IL-17A da wasu suka ƙera ne su adana shi. Rini a kan gilashi yana nuna inda antibodi ya tsaya, ba ya faɗin wanda ya ƙera abin da ya kama, ba ya ma rantsuwa cewa abin da ake nema ne ya kama.

Matsalar ta wuce fagen fata. A 2015 Andrew Bradbury da Andreas Plückthun, tare da masana sama da ɗari da suka sa hannu, suka yi kira a mujallar Nature da a gyara kasuwar, suka ƙiyasta cewa ana asarar kimanin dala miliyan 800 a duk shekara a duniya kan antibodin da ba ya aiki. A 2017 wani bincike a Suwidin ya gwada antibodi 13 da ake sayarwa don gano wani furotin da aka danganta da sankarar mama, ya tarar ɗaya ne kawai ke aiki yadda ya kamata wajen rina tsoka. A 2023 shirin YCharOS da ke Jami'ar McGill a Kanada ya wallafa gwajin antibodi 614 na furotin 65. Fiye da rabinsu sun faɗi a aƙalla gwaji ɗaya, kuma waɗanda aka ƙera daga rubutaccen umarni sun fi sauran iri biyun inganci.

Yadda ake tantance na gari

A 2016 wani kwamitin ƙasa da ƙasa ƙarƙashin Mathias Uhlén ya tsara ginshiƙai biyar na tantancewa. Mafi ƙarfinsu shi ne a goge umarnin ƙera furotin ɗin daga ƙwaya, sannan a zuba antibodin. Idan ya ci gaba da nuna alama a inda babu abin da zai kama, ƙarya yake yi. Na biyu, a kwatanta sakamakonsa da wata hanyar awo wadda ba ta dogara da antibodi ba. Na uku, a yi amfani da antibodi biyu da ke kama ɓangarori daban-daban na furotin ɗin, a ga ko za su yi shaida ɗaya. Na huɗu, a liƙa wa furotin ɗin wata sananniyar alama a ga ko su biyun za su haɗu a wuri guda. Na biyar, a ciro abin da antibodin ya kama a auna shi da na'urar tantance nauyin sinadarai.

Ga IL-17A akwai ƙarin tarko. Ɗan'uwansa IL-17F ya yi kama da shi da kusan rabi, kuma su biyun sukan manne su zama tagwaye gauraye. Dole mai bincike ya san wanne antibodinsa yake gani. Sannan wanda ya yi aiki a ELISA ba lallai ya yi aiki a tsokar da aka jiƙa da fomalin ba, domin sinadarin yana sauya siffar furotin. Tun 2014 mujallu da dama suke neman marubuta su rubuta lambar shaida ta musamman ta kowane antibodi da suka yi amfani da shi, domin wani ya iya maimaita aikin.

Abin da ya shafi Najeriya da maƙwabtanta

Masu bincike a jami'o'i da asibitocin koyarwa na Afirka ta Yamma daga waje suke sayo waɗannan kayayyaki, da kuɗin waje. Ƙaramar kwalba guda takan kai daloli ɗari-ɗari. Dole ta zauna cikin sanyi tun daga masana'anta har zuwa ranar amfani, a ƙasashen da kaya ke daɗewa a tashar jirgi kuma lantarki ke ɗaukewa ba sanarwa. Ɗalibin digiri na uku da ya tara kuɗi ya sayi kwalba ɗaya, da wuya ya iya sayen ta biyu domin tantance ta farko. Idan ta yi masa ƙarya, ƙaryar za ta shiga kundinsa, daga nan ta shiga mujalla. Tunda wani kaso na wannan bincike da kuɗin jama'a ake yinsa, ta hannun hukumomi irin su TETFund, tambayar ko an ware kuɗin tantance kayan aiki da na ajiyar sanyi tambaya ce da ta halatta ga duk mai bibiyar kasafi.

A ɓangaren magani, giɓin ya fi faɗi. A 2023 kaɗai, secukinumab ya kawo wa Novartis cinikin kusan dala biliyan 5, mafi yawansa daga Amurka da Turai. Majiyyacin da ke biyan kuɗin asibiti daga aljihunsa, abin da ya fi samu shi ne man shafawa, ko tsohon maganin nan methotrexate mai araha, wanda ke buƙatar gwajin jini da na hanta akai-akai kuma aka hana mai juna biyu. Da yawa ba sa kaiwa ga likitan fata, sai su koma ga mayukan sitiroyid masu ƙarfi da ake sayarwa a kasuwa ba tare da takardar likita ba, irin waɗanda ake zubawa a man bilicin. Suna kwantar da ɓawon na ɗan lokaci, amma doguwar shafawa tana sirantar da fata, kuma cutar takan dawo da ƙarfi idan an daina farat ɗaya.

Mafi yawan waɗanda aka gwada sababbin magungunan a jikinsu fararen fata ne, kuma ma'aunin tsananin cutar da aka yi amfani da shi yana dogara da jan da fata ta yi, abin da ba ya fitowa sarai a baƙar fata. Cike wannan giɓi yana buƙatar bincike a kan fatar 'yan Afirka, a asibitocin Afirka, da antibodin da aka tantance kafin a ɗiga shi a kan gilashi.